Mu 'Yan Hagu Na Aji Shida

Na manta fuskokin da yawa daga cikin waɗanda muka zauna benci ɗaya da su a firamare, amma ranar da sufeton makarantu ya shigo ajinmu a Jibiya ba za ta taɓa fita daga raina ba. Yau ni ma malamar makaranta ce, alli ya ci mini yatsu, na ga sufetoci iri-iri, masu gemu da marasa gemu. Duk da haka, ba na ce wa yara su ɗaga hannu ba tare da ranar nan ta faɗo mini ba.

Ina aji shida lokacin, cikin shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Gari ya sauya kama. Masu gidajen giya sun kwashe kayansu sun tsallaka boda, masu sha kuma suka riƙa bin su a kan babur, su dawo washegari da carbi a hannu. A makaranta aka raba mu, maza gefe guda, mata gefe guda, aka ce ɗankwali bai wadatar ba sai hijabi. Hedimastanmu, wanda a da ba ya barin ko gashi ɗaya a haɓarsa, ya tsayar da gemu, wandonsa ya ɗage. Ban ce ba don Allah ya yi ba, Allah ne ya san zuciya. Abin da na sani kawai, kwanon rufin ajinmu da iska ta yaye bai ji labarin wani gyara ba.

Babanmu direban babbar mota ne, mutumin ƙasar Maraɗi, aikin ɗaukar hatsi ya zaunar da shi a Jibiya. Bai yi boko ba. Makaranta a bakinsa lakwal ce, malami kuma mushe. Duk sanda ya dawo daga tafiya sai ya tambaye ni, “Mi kuka koya yau a lakwal?” Ni kuwa in miƙe in rero masa shafi guda na littafin Turanci tun daga sama har ƙasa, ko numfashi ba na yi. Sai ya dubi Innarmu ya ce, “Kin ji ɗiyarki, kamar rediyo.” Bai san cewa da za a nuna mini kalma ɗaya a shafin a ce mece ce wannan, da sai dai in yi zuru ba. Ni kaina ban san wannan ba karatu ba ne.

Laifin ba na malamin ajinmu kaɗai ba ne. Mutum ɗaya ne ke koya mana komai: Turanci, lissafi, kimiyya, Hausa, zamantakewa, addini. Sauran malaman da ya kamata su taya shi sunansu yana ofis, su kuma suna hanyar Maraɗi da jarkokin fetur a bayan babur. Mu kuwa mun cika ajin har bakin ƙofa, wasu a benci, wasu a ƙasa. To ya zai yi da mu? Sai ya karanta, mu maimaita. Ya ce biyu sau biyu, mu amsa da ƙarfi har 'yan aji biyar su ji. In ka tsaya a waje ka saurara, sai ka rantse ajin malamai ne.

Malam mutum ne mai sanyin hali, ba ya duka sai ta kai maƙura. Matarsa ta rasu, ba shi da kowa a gida sai tsohuwarsa, makauniya, ga hawan jini. Gidan yana bayan makaranta. Da an buga ƙararrawar tara, yayin da kowa ke neman ƙosai, shi sai ya zaga ya ba ta magani ya gyara mata shimfiɗa ya dawo. Wani lokaci ya ɗora ta a kan keke ya tura har asibitin gari. Mu 'yan mata mukan ɗebo mata ruwa, ta shafa kanmu ta ce, “Ɗiyata, Allah ya ba ki ilimi mai amfani.” Kowa a makarantar ya san zaman Malam a Jibiya shi ne ran tsohuwar nan.

Ana nan sai wata safiya Hedimasta ya tara mu a fili ya ce an aiko da ma'auni daga sama. Wato an tsara abin da ya wajaba ɗan aji shida ya iya a kowane darasi. A Turanci, ya karanta duk shafin da aka buɗe masa. A lissafi, ya iya rabawa. A kimiyya, ya bambance mai rai da marar rai, da sauransu. A zamantakewa, ya san jiharsa da ƙasarsa. Ya ce sufeto yana tafe ya gwada mu, kuma ofishin ilimi ya yi gargaɗi: duk malamin aji shidan da ajinsa ya kunyata, ƙauye za a tura shi. Da ya faɗi haka, ba mu dubi Hedimasta ba, Malam muka duba. Shi kuma ya dubi ƙasa.

Ma'aunin dai an aiko shi. Littattafai da malamai da kwanon rufi, ina jin suna wata motar da har yau ba ta iso ba.

Hedimasta ba mutumin da zai zauna a kunyata shi ba ne. Bayan 'yan kwanaki ya shigo ajinmu da dabararsa. A al'adar wancan lokaci, sufeto ne ke yin tambaya, Hedimasta ya nuna yaron da zai amsa, malamin aji kuwa ya tsaya can baya don kada a ce ya yi wa yaro raɗa. Matsalar ita ce Hedimasta bai san ko ɗayanmu ba. Mu mata ma tun da muka shiga hijabi duk mun zame masa mutum ɗaya.

Ya ce, “Ku buɗe kunnuwanku. In sufeto ya yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu. Kowa! Kada in ga hannun da ya rage a ƙasa. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama. Wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ni kuma dama kaɗai zan nuna. Kun gane?”

Muka amsa da ƙarfi yadda muka saba, “Mun gane!”

Wani yaro ya ce, “Malam, in ina tsammanin na sani amma ban tabbata ba fa?”

“Hagu! Da ka ji shakka, hagu.”

Ƙawata da muke benci ɗaya ta matso ta ce mini a kunne, “Hagu fa? Ni da Innata ke make ni in na miƙa mata ludayi da hagu.” Ashe ba ita kaɗai abin ya dama ba. Malam ma ya matsa kusa da Hedimasta ya ce a hankali, “Yallaɓai, anya ya dace yara su ɗaga wa baƙo hagu?” Hedimasta ya yi tsaki ya ce, “Haba Malam! Sufeto karatu ya zo dubawa, ba hannu ba. Kuma don wa nake yi? Ni ce ke da tsohuwa a gida?” Malam ya ja da baya. (Na tuna har “ni ce” ya ce don tsabar faɗa, muka danne dariya.)

Aka yi gwaji nan take. Hedimasta ya rubuta lissafi a allo ya ce a ɗaga. Na ɗaga hagu hankalina kwance, na waiga, sai na ga ashe muna da yawa. Kai, mu ne ma ajin! 'Yan dama ɗai-ɗai ne, can ɗaya, nan ɗaya. Aka gwada Turanci, haka. Kimiyya, haka. Hedimasta ya ji daɗi, ya ce dabara ta zauna. Amma na ga fuskar Malam ta canza. Ya bi mu da ido layi-layi, kamar mutumin da ya buɗe rumbunsa ya tarar gara ta cinye. Shekara guda muna amsa masa da murya ɗaya, bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin muryar ba sai ranar.

Ranar zuwan sufeto makaranta ta yi kyau har ba mu gane ta ba. An share, an yayyafa ruwa, an kwaso bencuna daga ƙananan azuzuwa an ba mu, ƙannenmu suka koma ƙasa. Malaman nan na hanyar Maraɗi duk sun bayyana, sun fesa turare a kan warin fetur. Da hantsi sufeto ya iso, dogon mutum cikin farar riga, da tabarau, da asuwaki a aljihu. Muka miƙe muka gaishe shi, ya zauna a kujerar Malam. Hedimasta ya tsaya kusa da shi, Malam ya koma baya ya jingina da bango.

Sufeto ya tashi ya rubuta lissafin rabawa a allo, ya juyo ya ce, “Wa zai yi mana wannan?”

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, ba wanda ya makara. Hedimasta ya washe baki, har ya fara miƙa yatsa wajen wani ɗan dama. Sai sufeto ya ce, “Dakata.” Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dube mu daga wannan bango zuwa wancan.

“Subhanallahi! Me nake gani haka? Hagu? Ku sauke!”

Muka sauke.

“Aji guda, 'ya'yan Musulmi, a wannan lokaci da muke ciki, ku ɗaga wa babba hannun hagu? Da hagu kuke cin abinci a gidajenku? Da hagu kuke gaisawa da iyayenku?”

Ya ajiye alli ya shiga yi mana wa'azi. Kuma wallahi duk abin da ya faɗa gaskiya ne, iyayenmu sun faɗa mana tun muna rarrafe. Lissafin nan yana allo yana jiranmu, shi kuwa yana kan falalar dama. Da ya gama ya ce, “Daga yanzu, duk mai ɗaga hannu a gabana, dama zai ɗaga. Kun ji?”

“Mun ji!”

To, ga mu da umarni biyu. Hedimasta ya ce kada hannu ya rage a ƙasa. Sufeto ya ce kada a ɗaga hagu. Mu kuwa yara ne masu biyayya, ba mu saɓa wa kowa ba. Da ya sake cewa wa zai yi lissafin, sai ajin nan kaf ya ɗaga dama, har da ni, har da ta bayana wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Ban taɓa ganin gumi ya karyo wa mutum da sauri irin na Hedimasta ba. Yatsansa ya yi ta yawo a iska. Daga ƙarshe ya zaɓi wani yaro, ina jin don rigarsa ta fi ta kowa guga. Yaron ya fita, ya karɓi alli, ya kwafe tambayar a ƙarƙashinta da kyakkyawan rubutu, ya ja layi, ya tsaya yana kallon allo. Da shirun ya yi yawa aka ce ya zauna.

Aka koma zamantakewa. Sufeto ya ce, “Ina ne babban birnin jiharmu?” Dama ta tashi ko'ina. Hedimasta ya nuna wani dogo a baya, ya miƙe ya ƙame ya ce, “Maraɗi!” Ni dai ban ga laifinsa ba. Can ubansa ke kai kaya, can suke zuwa biki, Katsina kuwa bai taɓa taka ta ba.

A kimiyya yatsan ya faɗa kan ƙawata. Aka ce ta kawo misalin abu mai rai, ta ce babbar mota. Sufeto ya ce ta yaya? Ta ce tana shan ruwa, tana tafiya, tana nishi in ta hau tudu. Yara suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don a raina amsar da zan bayar ke nan.

Sai Turanci, sai yatsan ya tsaya a kaina. Na fita gaban aji. Sufeto ya buɗe littafi a tsakiya ya miƙo mini, na karɓa da hannu biyu. Na dubi shafin, baƙaƙe sun yi layi kamar tururuwa, ban san kowa a cikinsu ba. Sai na yi abin da na iya. Na ɗaga murya na rero shafin nan da nake rera wa Babanmu, tun daga sama har ƙasa, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sufeto ya leƙa littafin, ya dube ni, ya sake leƙawa. Ya ce, “'Yata, wanda kika karanta yana can farkon littafi. Je ki zauna.” Da ina komawa na haɗa ido da Malam. Na yi zaton harara zan gani. Ba harara ba ce, tausayi ne, kuma da ya harare ni da ya fi mini sauƙi. Kunyar ranar har yau ina jin ta.

A addini kaɗai muka fita kunya, don dukkanmu muna zuwa Islamiyya da yamma. Wannan ma bai taimaka ba, sai ya ƙara tunzura sufeto. Ya ce, “Ashe kun san komai, da gangan kuka ɗaga mini hagu!”

Bayan an gama suka fita baranda su uku. Tagar ajinmu ba ta da murfi, don haka duk muka ji. Hedimasta ya fara kame-kame a kan rashin littattafai, sufeto ya katse shi.

“Malam Hedimasta, bar wannan. Rashin iya karatu ba a kanku aka fara ba. Yanzu daga makarantar Daddara nake, duk inda na bi haka na tarar. In na ce zan tura malami ƙauye a kan wannan, wa zai rage a gari? Wannan sai a hankali. Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne tarbiyya. Aji guda ya ɗaga mini hagu! Wa ya koya musu?”

Kun ji fa. Da an bar mu da jahilcinmu yadda Allah ya gan mu, mu zauna hannu a ƙasa, da ba abin da ya sami kowa.

Hedimasta ya ce, “Ranka ya daɗe, wallahi ni ma yau na fara gani. Ajin Malam ne.”

Muka kasa kunne mu ji Malam ya fasa ƙwai. Bai fasa ba. In ya faɗi gaskiya, ya tona asirin shugabansa a gaban baƙo, kuma ya shaida cewa an shirya yaudarar hukuma yana tsaye. Sai muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa: “Ajina ne, ranka ya daɗe. A yi haƙuri.” Har yau in na tuna rantsuwar nan ta Hedimasta, da sabon gemunsa, raina ɓaci yake yi.

Ba a jima ba labari ya zo cewa an mayar da Malam wata makaranta can cikin ƙauyukan Farfaru, zai tashi a ƙarshen zango. Ya je ofis ya yi roƙo saboda tsohuwarsa, aka ce masa magana ta riga ta wuce sama.

Abin da ya yi da 'yan makonnin da suka rage masa shi ne ya sa nake rubuta wannan. Washegarin zuwan labarin ya shigo aji, bai ce mu maimaita komai ba. Ya ce, “'Yan hagu, ku dawo gaba.” Muka yi tsuru-tsuru. Ya ce, “Ba faɗa zan yi ba. Na gan ku ranar gwaji, na san ku. Ku taso.” Muka taso, muka cika gaban aji, 'yan dama suka koma baya ya ba su aikin yi. Ya goge allo tas, ya rubuta baƙi ɗaya da wasali ɗaya. Mu 'yan aji shida, waɗanda ma'auni ya ce mu karanta duk shafin da aka buɗe mana, muka koma ba, bi, bu. Ya hana amsar taro. Ɗaya bayan ɗaya yake kira, kuma ya ce duk wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, kowane hannu ya ga dama.

Wata rana da yamma Babanmu ya faka motarsa a ƙofar gida, ina zaune ina kallon bayanta. Akwai wani rubutu da fenti a jiki wanda na tashi ina gani kamar ado. Sai na ji bakina yana haɗa shi da kansa, a hankali, gaɓa-gaɓa: Allah ya kiyaye hanya. Na yi ihu har Innarmu ta fito da muciya a hannu. Babanmu ya sa na sake karantawa ina nuna kowace kalma da yatsa. Sannan ya ce, “Ashe mushen nan naku yana aiki.” Na ce masa ai an kore shi. Ya ce a kan mi? Na ce a kan tarbiyya.

Ranar da zai tashi muka je gidan. An ɗora kayansu a bayan wata a-kori-kura: katifa, tukwane, keken nan, buhun gero. Aka riƙo tsohuwa aka zaunar da ita a gaba, tana tambaya ko can ma akwai asibiti, Malam yana ce mata, “Akwai Allah, Inna.” Ya hau baya ya zauna a kan buhu. Direba ya tayar da mota. Na matsa kusa na ɗaga murya don ya ji ni, na ce, “Malam, yaushe za ka dawo?”

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya ɗaga hannunsa na hagu.

Manyan da ke wurin suka ɗauka bankwana yake yi. Mu 'yan ajinsa mun san abin da ya ce. Wasu suka yi dariya, ni kuwa kuka ya ƙwace mini. Tsohuwar ba ta ga kakar wannan shekarar ba, a can aka binne ta. Malam bai sake zama a Jibiya ba. Hedimasta kuwa ya daɗe a kujerarsa, har aka riƙa misali da makarantarsa wajen ladabi, don tun daga ranar ba yaron da ya sake ɗaga hagu.

Ma'auni iri-iri sun zo sun wuce tun da na fara koyarwa, kowanne da jerin abin da ya wajaba yaro ya iya, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba a kai yaro ga ma'auni sai an fara yarda a ga inda yake tsaye. A duk abin da aka yi a ajinmu gaban sufeto, hannun hagun nan ne kaɗai ya faɗi gaskiya, kuma shi aka hukunta. Shi ya sa a ajina ba na tambayar wa ya sani. Nakan ce wa bai gane ba, in jira. In wata yarinya ta ɗaga hannu a tsorace, ba na duba ko wane hannu ne. Sai in ce mata ta taso ta dawo gaba.